Yadda igiyar pompon ta dawo hannuna

Jama'a an ba ni lakile, makulli dai! Wallahi an ba ni! Bana ni ke riƙe da manej ɗin Baba Rene, tun farkon juillet har ƙarshen août, wato Yuli da Agusta, igiya da lakile da komi. Jiya da hantsi ya kira ni ina cikin métro zan tafi fac ɗaukar darasi, ya ce, "Bibou, kafaɗar nan ta ƙi, likita ya ce kujera. Nemo mani mutum biyu cikin ƴan ƙasarku, kai ne chef." Na ce, "Patron, sake faɗi, réseau ba kyau." Ya ce, "Ka ji ni sarai, kar ka sa in canza shawara." Ƙit ya kashe. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi har wata tsohuwa kusa da ni ta matse jakarta.

To amma kafin ku cika mani waya da messages, ku tsaya ku karanta, don na san halinku. Da na koma ɗaki a Minguettes na faɗa wa Mutari, coloc ɗina da muke ɗaki ɗaya, ko ɗago kai bai yi daga tukunyar shinkafa ba, ya ce, "Chef ɗin me? Danna buto? Ai ko akuya aka nuna wa sai ta yi." Na san rabinku haka kuke gani. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, yatsa na ciwo amma ba komi.

Ga wanda bai san ni ba, Habibu ne, Bibou a bakin patron, ɗan Damagaram, ina master a Lyon. Bakansi biyar, wato dogon hutu biyar, na yi a bakin teku ina wannan bulo, aikin manej ke nan, bana na shida. Eh, L2, shekara ta biyu a jami'a, sau biyu na yi ta, a wuce wurin. Manej kuwa shi ne lilon nan mai zagayawa, dawakin katako na hawa suna sauka, yara na bisa, kiɗa na tashi. Namu tsoho ne, uban Baba Rene ne ya fara juya shi. Dawaki goma sha biyu, keken doki ɗaya, ƙaramin jirgin ruwa, zakara, da alade. Eh, alade. Na katako ne, ku kwantar da hankalinku.

Tonton Lawali ne ya sa ni a bulon. Ɗan Maraɗi ne, yana aiki a wata usine a Saint-Fons, shi ma zamanin da yake étudiant ya yi bakansi biyu wurin tsohon. Ranar da ya raka ni gar, tashar jirgin ƙasa, ya ce, "Ɗana, in ya yi maka faɗa ka ce oui patron. In yini ya wuce bai yi maka faɗa ba, ka koma ka duba, akwai abin da ka ɓata bai gani ba tukuna. Kuma kar ka sa rai da igiya, ni ban taɓa ta ba ko sau ɗaya." Ban ma gane wace igiya yake nufi ba. Na ce to Tonton.

TGV zuwa Paris, canjin gar da jaka a kai, sannan wani ƙaramin jirgi mai tsayawa kowane ƙauye. Ba zan faɗi sunan garin a nan ba, wanda aka ɗauka zai gani a tike ɗinshi. Na sauka, na bi jama'a har bakin ruwa, na duba, ba ruwa. Rairai ne kawai jiƙaƙƙe har iyakar ganina, ga kwale-kwale kwance a ƙasa kamar an yar da su. Na tambayi Madam Odil, matar patron, wadda ke zama a caisse wurin karɓar kuɗi, na ce, "Madam, ina tekun?" Ta duba agogo ta ce, "Ya fita, ƙarfe huɗu zai dawo." Na ɗauka ba'a take mani. Ƙarfe huɗu kuwa sai ga shi.

Garin na iyali ne, ba na ƴan boîte masu rawar dare ba. Doguwar promenade, hanyar shan iska, a bakin ruwa, ƙananan ɗakunan katako masu fenti fari da shuɗi inda ake canza kaya, club ɗin yara mai trampoline, petit train da ke zagaya gari yana buga ƙararrawa, mini-golf, mai gaufre, wainarsu, mai barbe à papa, alawar nan mai kamar auduga, da rumfar da yara ke kamun agwagin roba da ƙugiya. Har jakuna akwai, ana biya a ɗora yaro ya yi ɗan zagaye. Ni da na yi ƙuruciyata ina kai jakin kakana rijiya ana zagina in na makara, na tsaya ina kallon layi. Mutanen kuwa kusan su ne dai duk shekara. Sati biyunsu sananne, gidan da suke haya sananne. Kaka za ta nuna maka doki ta ce shi ta hau tana ƙarama, ɗanta ya hau, yanzu ga jika.

Aikina na farko ɗora manej ne. A wani hangar kusa da Paris yake kwana duk lokacin sanyi, kamyo biyu ke kawo shi guntu-guntu. Promenade ɗin ta ɗan gangara wajen teku don ruwan sama ya wuce, ido ba ya gani, amma manej na ji. Sai ka dinga cusa guntayen katako ƙarƙashin ƙafafun ƙarfe, kana duba niveau, ma'aunin daidaito, kana kwance rub da ciki. Da muka gama shimfiɗa daɓen na miƙe ina karkaɗe wando, na ce c'est bon. Baba Rene ya zaro wata ƴar bille, ƴar ƙwallon gilashi, daga aljihu, ya aje ta a tsakiya. Ta yi shiru kamar za ta rufa mani asiri, sai ta fara tafiya a hankali, ta nufi teku. Ya ce, "Kwance shi, a sake." Sau uku muka kwance ranar. Bille ɗin nan tana aljihunshi har yau, kuma ya ce zai haɗa mani ita da lakile.

Kullum da safe kafin a buɗe, awa biyu na tsumma ne da graisse, man shafa wa ƙarfe. Iskar teku gishiri ce, tana cin ƙarfe kamar gara da katako, rairai kuma ba inda ba ya shiga. Sandunan tagulla da yara ke riƙewa sai ka goge su ɗaya bayan ɗaya har ka ga haƙoranka ciki. Belt ɗin kowace dabba ka ja shi da ƙarfinka, in zare ɗaya ya saki a canza. Sannan a tada manej ba kowa bisa, zagaye uku, ba kiɗa. Tsohon ya dafa ginshiƙi ya rufe ido ya ce, "Wa ke kuka?" Ni ba abin da nake ji sai tsuntsayen teku. Ya ce, "Na bakwai, ƙafar gaba." In ka buɗe, wallahi sai ka tarar da rairai a wurin. Sai ƙarshen bakansina na biyu kunnena ya buɗe. Yanzu ko ascenseur, wato lif, na benenmu na shiga ina jin inda yake buƙatar mai.

Buto ɗin da Mutari ke magana, guda biyu ne. Kore na tadawa, shi kam akuya za ta iya. Ja na tsayarwa, shi ne bulon. Hannunka ba ya nisa da shi, idonka na kan ƙafafu ashirin da wani abu, da uwar da ta matso baki da appareil ɗin hoto tana ja da baya ba ta kallo, da ƙanen da ya suɓuce daga poussette, keken jarirai. Kukan yaro ma iri-iri ne. Mai ihu yana kallon uwarshi, rabu da shi, zagaye biyu zai fara dariya. Wanda ya buɗe baki ba sauti, fuska ta yi fari, tsaya nan take. Kuma yaron da ya ci gaufre da chantilly ya ɗora barbe à papa a kai ya hau doki, ka san bokiti da rairai na nan bayan caisse, kuma ka san wa zai ɗauko.

To yanzu igiya. Pompon wani tuntu ne ja, kamar na hula dara amma ya kai kan jariri girma. An maƙale shi da ɗan maƙali jikin wata ƙwallo, ƙwallon na rataye da igiya da ta bi ta sama ta sauko hannun mai manej. Manej na juyawa, kai kana sauke shi kana ɗagawa bisa kawunan yara. Wanda ya fizge shi, tour na gaba kyauta ne. Shi ke nan. Amma a garin nan yaro zai manta sunan otel ɗin da suka sauka, ba zai manta ranar da ya kama pompon ba. Na ga babban mutum da furfura yana nuna wa matarshi daidai inda ya kama nashi. Baba Rene bai taɓa barin kowa ya taɓa igiyar ba sai matarshi, ita ma sai in zai shiga bayi.

Bakansi na biyu, sati na biyu, rana tsaka ya miƙo mani ita ya ce, "Gwada." Na kira Tonton Lawali da yamma ina ta fankama.

Ga inda na kwafsa. Mu a gida, in baƙo ya zo da alawa, wa ake miƙa wa? Babba. Shi ke rabawa, kuma in ya kuskura ya cinye shi kaɗai ya san abin da zai tarar wurin Inna. Ni ban ma yi tunani ba, jikina ne ya yi. In na ga ƴan gida ɗaya su uku, sai in sauke wa babban, a raina zai ba auta tour ɗin kyauta, kowa ya ji daɗi, an girmama babba, an faranta wa ƙarami. Kai! Wani yaro ɗan shekara tara sau huɗu yana kamawa cikin kwana uku, sau huɗu yana hawa shi kaɗai yana yi wa ƙanwarshi gwalo, ita tana ƙasa tana birgima. Na huɗun na kasa haƙuri na ce mashi, "Donne à ta petite sœur, ba ƙanwarka mana." Uwar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Monsieur, shi ya kama, nashi ne." Kafin sati ya cika, iyaye masu ƙananan yara sun gane manej ɗin nan na manya ne, sun koma trampoline.

Lokacin abincin rana tsohon ya zaunar da ni bayan caisse, ya zare igiyar daga ƙugiya ya naɗe ta a hannunshi.

"Me ya sa manya kaɗai ke kamawa?"

"Patron, babba ne ke rabawa."

"Wa ya raba?"

Bai jira amsata ba, ya ɗora:

"A garinku ƙila. Nan wanda ya kama ya kama. Kuma ba ma wannan ne babban laifinka ba. Na ga hannunka. Sauke masu kake yi a tafi kamar mai ba da sadaka. Ba a ba da pompon, Bibou, ƙwatarshi ake. In yaro ya gane ba shi aka yi, ka ɓata mashi. In sauran suka gane, ka ɓata manej. Koma matakala."

Na kira Tonton ina neman lallashi. Dariya ya yi har da tari, ya ce, "Kai ka ma riƙe ta sati guda, me kake so kuma?"

Matakala ita ce ƙasan bulo. Ka karɓi jeton, ɗan kwabon da ake saye a caisse don hawa, ka ɗaga yaro, ka ɗaure, ka kwance, ka sauke. Sauran wannan bakansi da na bayanshi duk a nan na yi su. Sai dai ni ban iya karɓar abu hannun babba ba gaisuwa ba, bakina ba ya yarda. "Bonjour madame, et la fatigue? Et la maison? Et papi, ƙafar da sauƙi?" Ina gajiya da ina gida ke nan da Faransanci. Da farko kallona suke kamar zan sayar masu da wani abu. Wani ya ce, "Wace fatigue, bakansi muke." Baba Rene daga can yana ihu, "Bibou, layi! Kai likita ne?" Madam Odil ce ta ce ya ƙyale ni. Sannu a hankali tsofaffin suka saba, har suna zuwa da amsarsu a shirye, in na manta ban tambaya ba su ce yau ba ka tambayi gwiwata ba. Ta nan na san kowa. Wa ya zo wace asabar, wa zai tafi wace asabar, wane yaro ne iyayenshi suka rabu ake karɓa-karɓa da shi, wace ce ke tsoron zakara, wa ya yi zazzaɓi jiya. Ban ɗauke shi aiki ba, gaisuwa ce kawai.

Bakansi na huɗu shi ne mugun. Ruwa ya fara ranar da muka ɗora manej, ya ƙi tsayawa. Ba irin namu ba da zai zuba ya wuce a ga rana, wani siriri ne mai naci, da iska, yini guda. Mu saki bâche, tamfol ɗin da ke rufe manej, mu naɗe, mu saki. Mai jakuna ya kwashe dabbobinshi ya tafi tun tsakiyar juillet. Ga azumi ya faɗo ciki, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma, ni kuma ina tsaye tsakanin mai gaufre da mai chichi, iska na kawo mani duka biyun. La galère, wallahi. Ana cikin haka wata safiya tsohon ya taka daɓe jiƙaƙƙe yana jan bâche, ya zame, ya faɗi kan kafaɗar dama. Aka dawo da shi daga asibiti hannu a rataye.

Kwana biyar muka juya ba pompon. Yara su hau, su ɗaga kai, su ga ƙwallo tsirara, su tambaya. Ƴan kaɗan ɗin da ke fitowa cikin ruwan suka koma wurin agwagi, can ko ba komi ana tafiya da ɗan abin wasa. Rana ta shida ina goge sanduna na ji tsohon da matarshi bayan caisse. Madam Odil na cewa in aka rufe tsakiyar saison, mairie, hukumar gari, za ta ba wani mutum wurinmu baɗi, kuma akwai mai gidajen roba na hurawa da ya daɗe yana zagaya wurin nan.

Ya ce, "Gara in naɗe shi da hannuna da a mayar mani da pompon abin wasa."

Ta ce, "Da wane hannun? Ba Bibou igiyar."

"Mai sadaka?"

"Yini ɗaya, Rene."

 Ya ɗaga murya don ya san ina ji: "Juma'a. In na ga an ba da pompon sadaka ko sau ɗaya, asabar in kira kamyo a kwashe manej."

Ku gane, juma'a ita ce rana mafi wuya, don asabar ake canjin masu haya, duk wanda zai tafi gobe yau yake son kamawa. Aka kawo mashi kujera aka aje taku uku daga inda nake tsaye, ya zauna da bargo a gwiwa.

Da safe abin ya tafi. Shekara biyu ina matakala amma idona na kan hannunshi, na ga dabarar. Babban yaro, ka sauke mashi lokacin da dokinshi ke sauka, ya miƙa ya rasa da ɗan yatsa, ya ji saura kaɗan. Ƙarami, ka jira dokinshi na hawa, dokin ne zai kai shi. Kar gida ɗaya su kama sau biyu a jere. Wani lokaci kuma ka bar babban ya ci, in ya yi sauri da gaske haƙƙinshi ne. Tunda na san masu tafiya gobe, na san inda zan fi kai igiya. Tsohon bai yi mani faɗa ko sau ɗaya ba, na tuna maganar Tonton.

Wajen ƙarfe huɗu rana ta leƙo, karo na farko cikin kwanaki, gari duk ya fito. Sai ga Mami Jan da jikanta Noé. Ɗan shekara shida, siriri, da tabarau mai igiya a ƙeya. Shekara uku yana zuwa, bai taɓa kamawa ba, ko a hannun Baba Rene. Kullum farin doki na huɗu yake hawa, don shi kakanshi ya hau, kuma da manej ya tashi sai ya ƙanƙame sanda hannu biyu, pompon ya wuce ta kan hancinshi yana kallo. A wurin gaisuwa kakar ta taɓa faɗa mani cewa a gida safa yake ratayawa jikin ƙofa yana tsalle yana kamawa, ba ya kuskure. Kuma a mota ko ana gudu ba ruwanshi, amma ascenseur sai an riƙe mashi hannu.

Ta miƙo jeton biyu, ta matso kusa da kunnena. "Bibou, gobe za mu tafi, kuma baɗi uwarshi ta ce kan duwatsu za su bakansi, ba teku ba. Saukar mashi a cinya mana, ba wanda zai gani."

Na waiga. Tsohon na kallon teku, amma kunnenshi da ke jin rairai cikin ƙafar doki, kuna ganin bai ji ba?

Na ce, "Mami, bari mu gani."

In na sauke a cinya, gobe kamyo. In na yi yadda aka saba, yaron ba zai saki sanda ba. Matsalar ba a igiya take ba, a hannunshi take, hannun kuma dokin ne ya ɗaure shi. Na tsuguna gabanshi ya riga ya kama linzamin na huɗu.

"Noé, ina da problème. Aladen can tun safe ba wanda ya hau shi, yana fushi. Ina neman babban yaro ya gwada mani shi."

"Na jarirai ne."

"Shi ya sa yake fushi, ya gaji da jarirai."

"Dokin nan na papi ne."

"Jeton biyu gare ka. Ɗaya alade, ɗaya papi. Ni zan tsare maka dokin, ko président ya zo ba zai hau ba."

Ya yi tunani kamar mai sayen gida, sannan ya ce d'accord. Aladen ba ya hawa ba ya sauka, a kafe yake, bayanshi faɗi, ƙafar yaro na taɓa daɓe. Na ɗaure shi, na zagaya na duba kowa, na danna kore.

Manej cike, ga wasu manyan yara biyu a dawakin baki, irin masu dogon hannu. Zagaye biyu na farko na yi wasa da su. Na uku na bi ta kan alade, a sama, ba ƙasa ba. Noé ya saki hannu ɗaya, ya ga bai faɗi ba. Na biyar ya taɓa gezar pompon, ya yi wani ihu da ban taɓa jin muryarshi haka ba. Na shida ɗaya daga manyan ya kusa tafiya da pompon ɗin, na fizge igiyar har ta ƙone mani tafi. Saura zagaye biyu. Na takwas na sauke daidai inda sai ya miƙe zai kai. Ya taka daɓe, ya miƙe iyakar belt, hannu biyu, caraf. Ni kuma na ja sama, kamar yadda zan yi wa babba. Na ji nauyinshi a igiya, ɗan mitsitsin nan yana ja ina ja, sai maƙalin ya ce ƙas. Ya koma daɓas kan alade, tabarau a karkace, pompon a ƙirji.

Babban yaron ya ce, "C'est pas juste! An yi son kai!" Ubanshi da kanshi ya ce daga ƙasa, "Ya fi ka sauri, zauna." Mami Jan kuwa ta manta da appareil a hannunta, ko hoto ɗaya ba ta ɗauka ba. Noé ya ƙi komawa kan doki, tour na kyauta da jeton na biyu duk a kan alade ya yi su.

Da layi ya ragu tsohon ya yafuto ni da hannun hagu.

"Wa ya ce ka canza mashi dabba?"

"Ba kowa, patron."

"Ya aka yi ka san hawa da sauka yake tsoro, ba gudu ba?"

"Kakarshi ta faɗa mani. Wurin gaisuwa."

Ya dubi matarshi. Ita ta duƙar da kai tana jera jeton, tana danne dariya.

"Da ya kama ka ja sama."

"Eh."

"In da ya saki fa?"

"Da ya saki, patron."

Ya gyara bargo. "Gobe ƙarfe tara. Kuma aladen na kuka a ƙafar baya, sa mashi graisse."

Ba a kira kamyo ba. Ni na ja igiya har ƙarshen août, ruwa ko rana, kuma wurinmu na nan a promenade. Bara mun raba, shi safe ni yamma, yana yi da hannun hagu yana zagin na dama. Bana kuma kun ji.

To ga magana. Mutum ɗaya ba ya ɗora manej, kuma tsohon ya ce in ban kawo mutum biyu ba kafin ƙarshen watan mai, wato Mayu, zai ɗauko ƴaƴan abokinshi, ƙofar da Tonton Lawali ya buɗe mana tun ba a haifi wasunku ba ta rufe ke nan. Ina son ɗaya a matakala, ɗaya ya taimaki Madam Odil a caisse, mace ko namiji duk ɗaya. Wata biyu cur, ba zancen zan je biki Paris in dawo. Akwai wurin kwana, caravane biyu ne bayan mini-golf. Kifi sai kun gaji da shi. Masallaci sai an shiga bus, mukan yi karɓa-karɓa ranar juma'a. Ku zo da takardunku daidai da rigar ruwa ta kirki, ba irin ta marché ba. Igiya kuwa bana ba wanda zai taɓa ta, kar ma a tambaye ni. Patron na nan kan kujera taku uku daga bayanku, kuma bakinshi lafiya lau yake.

Don Allah ku tura wannan gaba. Ƴan Rillieux, ƴan Vénissieux, ƴan cité U na Paris, duk group ɗin da kuka san akwai ɗan Nijar mai neman bulon bakansi, ku tura mashi. Wanda ya shirya ya tambayi Habibu na Minguettes, za a nuna mashi ƙofa.